Ra'ayina kan manhajar sinkin da nake biya, da dalilin da ya sa na daina yarda da koren alamar nan

Jama'a tunda ana yawan tambaya wace manhaja ce ta fi wajen haɗa fayiloli tsakanin kwamfutoci, wato sinkin, ta kilawud, ma'ajiyar kamfani da ke kan intanet, bari in faɗi nawa ra'ayin a kan wadda nake biya duk wata. Ba zan kama sunanta ba, saboda yawancin abubuwan da suka dame ni ba nata bane ita kaɗai, haka ake gina irin waɗannan manhajojin gaba ɗaya, kuma bana so wani ya karanta ya ce to bari in koma wancan kamfanin, ya je can ya tarar da abu ɗaya. Ina da kwamfutar tebur mai Windows, da laftof na Mac da nake yawo da shi, sai wata tsohuwar mashin da na saka wa Linux, kuma abun da nake nema ba wani mai yawa bane, in rufe aiki a nan in buɗe a can in same shi yadda na bar shi, shi kenan.

In kana sauri ga hukuncina tun yanzu. Ga takardun rubutu da hotuna da PDF waɗanda mutum ɗaya ke taɓawa a lokaci ɗaya, manhajar nan ta yi, zan ci gaba da biya. Amma ga duk fayil ɗin da yake a buɗe yana canzawa kana cikin aiki, ko foldar da mutane da yawa ke shiga suna fita, ko abun da in ya salwanta ba ka da wani kwafinsa a ko'ina, to wallahi kada ka dogara da ita ita kaɗai. Kuma babban laifinta a wurina ba wai tana kuskure bane, wace manhaja ce bata yi, laifin shine in ta tsaya sai ta yi gum, bata faɗa maka da ƙarfi.

Zan fara da alherinta don kada a ce ɓata suna na zo yi. Ranar da ka saka ta ka shiga akawun ɗinka, sai ka ga folda ta fito a kwamfutar kamar kowace folda, ka jefa abu a ciki, kafin ka juya ya bayyana a ɗaya mashin ɗin. Duk wanda ya yi zamanin yawo da filas ana cirewa ana sakawa, ko tura wa kai imel da fayil mai suna rahoto na ƙarshe, gobe kuma rahoto na ƙarshe na gaske, ya san wannan ba ƙaramin sauƙi bane. Ai ma labarin kafa Dropbox kenan, Drew Houston ne ke yawan manta filas ɗinsa, shi da Arash Ferdowsi suka kafa kamfanin a 2007, daga baya Apple ya fito da iCloud a 2011, Google Drive ya zo a 2012, Microsoft kuma SkyDrive ɗinsa ne ya canza suna ya koma OneDrive a 2014. Kusan dukkansu hanya ɗaya suka bi, wata 'yar manhaja ce ke zaune a kwamfutarka tana sa ido a kan folda, da ta ga canji sai ta tura wa sabar, wato babbar kwamfutar kamfanin, sabar kuma ta sanar da sauran na'urorinka su sauke. Wato kwamfutocinka ba da juna suke shawara ba, kowacce da sabar take magana, ita ce alƙali, kuma daga nan duk matsalolin da zan kawo suke tasowa. Saurin ma ba laifi, a ƙananan fayiloli ban taɓa zama jira ba, wasu manhajojin ma ba sa sake ɗora babban fayil gaba ɗaya don ka taɓa ɗan wuri, Dropbox misali yana yanka shi gida-gida na 4MB ya duba wane yanki ne ya canza ya tura shi kaɗai.

To yanzu ga inda abun ya fara ɓata min rai. Akwai ɗan hoton nan ƙarami a ƙasan allo kusa da agogo, sannan kowane fayil yana da 'yar alama a jikinsa, kore in ya hau, kibiyoyi biyu masu juyawa in yana kan hanya. Na gama gyaran wani dogon rahoto a kwamfutar tebur, na danna ajiye, na kalli fayil ɗin ga kore a jikinsa, na kashe mashin na fita. Da na buɗe laftof a inda zan gabatar da aikin sai tsohon rubutu na tarar, babu sakin layin da na ƙara, teburin lissafin da na gyara yana nan da tsofaffin lambobinsa. Na shiga shafin akawun ɗin ta intanet, shi ma tsohon ne. Sai da na dawo na kunna ta tebur na ga sabon yana nan lafiya lau bai je ko'ina ba, ashe manhajar ta fita daga akawun ɗina tun bayan wani sabuntawa da ta yi wa kanta, tana jiran in sake saka kalmar sirri, kuma iyakar sanarwar da ta bayar wani ɗan ɗigo ne a kan hoton nan nata, wanda shi ma yana can ɓoye cikin 'yar kibiyar da ke tattara ƙananan hotuna. Koren da na gani a jikin fayil ɗin kuwa tsohon kore ne, na lokacin da take da rai.

Wannan shine abun da har yau ban yafe ba. Manhajar nan ta san yadda ake fito min da saƙo a tsakiyar allo in tana so in sayi ƙarin wuri, na sha gani, to me ya hana ta yin haka a lokacin da ta daina aikin da nake biyanta dominsa? Mutum ba ya buɗe kwamfuta don ya zauna gadin manhaja, amfanin abun gaba ɗaya shine ka manta da shi, in har sai na riƙa leƙawa ina tabbatarwa to rabin sauƙin ya tafi. Kuma dalilan da ke sa sinkin ya tsaya suna da yawa, mafi yawansu ma ba lalacewa bane, saiti ne. OneDrive misali yana dakatar da kansa in kwamfuta ta shiga yanayin tanadin batir, ko in ka saita layin intanet ɗin a matsayin mai ƙidayar data, abu ne mai kyau ga mai lallaɓa data amma mutane da yawa ba su ma san a kunne yake ba. Ko wuri ya cika, wanda a tsarin kyauta ba wuya, Dropbox 2GB yake bayarwa, OneDrive da iCloud 5GB, Google 15GB amma fa tare da Gmail da Google Photos ake raba shi, hotunan waya kaɗai sun isa su cinye shi sai ka ga takardunka sun daina hawa. Ko agogon kwamfuta ya karkace sosai haɗin tsaro da sabar ya ƙi. Ko ka rufe murfin laftof da sauri ana tsakiyar ɗorawa, ya yi barci da rabin aiki. Duk waɗannan ana iya gane su, manhajar ta san su sarai, faɗa ne dai bata yi yadda ya kamata.

Sai maganar kwafi biyu, wanda shi ne ya fi cin lokacina. Yadda yake faruwa shine, ka gyara fayil a laftof babu intanet, kafin ya samu layi kai ko wani ya gyara wannan fayil ɗin a wata kwamfutar, sai sabar ta ga gyara biyu sun fito daga asali ɗaya, kuma ita bata san abun da ke cikin fayil ɗin ba balle ta haɗa su, a wurinta tarin lambobi ne kawai. Sai ta bar ɗaya da asalin sunan, ɗayan ta canza masa suna ta ajiye a gefe. Dropbox yana rubuta conflicted copy da kwanan wata a jikin sunan, OneDrive yakan liƙa sunan kwamfutar a ƙarshe. A nan gaskiya ban ga laifinsu ba, wannan shine daidai, gara a ajiye maka biyu da a zaɓar maka ɗaya a goge ɗaya. Inda nake da ƙorafi da tawa shine nan ma shiru take yi. Muna da foldar haɗin gwiwa da wani abokin aikina, akwai takardar lissafi ɗaya da muke cikawa mu biyu, an daɗe ana tafiya kafin na lura akwai wata mai kama da ita a ƙasanta da dogon suna. Ashe ni ina buɗe tawa daga jerin fayilolin da na buɗe kwanan nan, shi yana buɗe tasa daga foldar, kowa yana ƙara layuka a nasa kwafin, babu wanda ya cika. Haka muka buɗe su gefe da gefe muna bi layi-layi, wannan yana nan, wannan babu, wannan an shigar da shi sau biyu da adadi daban, wanne ne na gaskiya sai an koma an duba rasit. Aikin da saƙo ɗaya tak a ranar da abun ya faru zai hana.

Wanda zai ce ai Google Docs ba ya haka, ko Word da Excel in an buɗe su ta hanyar rubutun haɗin gwiwa, gaskiyarsa ne, amma dalili daban ne, su ba fayil suke turawa ba, kowane gyara suke turawa ɗaya bayan ɗaya kuma sun san ma'anarsa, shi ya sa suke iya haɗawa. Da zarar ka fita daga irin waɗannan, ka koma fayil ɗin zane ko na sauti ko na wata manhajar aiki, ka dawo kan dokar wanda ya riga hawa.

Sunayen fayiloli kuma wata duniya ce, musamman ga mai haɗa Windows da Mac da Linux kamar ni. Mac da Linux za su barka ka saka alamar tambaya ko tauraro a suna, Windows bai yarda ba, yana da jerin alamomin da ya haramta, \ / : * ? " < > |, sannan akwai sunayen da ya riƙe tun zamanin DOS, tsohon tsarin Microsoft, irin su CON da PRN da AUX da NUL, ba ka isa ka sa wa folda su ba. Suna mai ƙarewa da ɗigo ko da fili shi ma matsala ne. A Linux Hoto.jpg da hoto.jpg fayiloli biyu ne daban, a Windows da Mac yadda suke zuwa abu ɗaya ne, to in ka jefa su a folda ɗaya dole ɗaya ya canza suna ko ya ƙi sauka. Ga kuma tsawon hanya, wato sunan folda cikin folda cikin folda har zuwa fayil ɗin, tsohuwar iyakar Windows haruffa 260 ce kuma har yanzu manhajoji da yawa a kanta suke, OneDrive nasa 400. Mai son tsari da yake yi wa folda dogon suna na bayani shi ne ya fi faɗawa wannan. Abun da tawa ke yi in ta haɗu da irin wannan shine ta rubuta wai wasu fayiloli sun kasa hawa, ka danna ka ga jerin, wani lokaci ya nuna maka wani lokaci ya buɗe babu komai a ciki, ita kuma tana ta juya kibiyoyinta ba ta gamawa.

Amma wanda ya fi haɗari, kuma ban ga suna gargaɗi a kansa lokacin da kake saka manhajar ba, shine fayilolin da suke a raye. Ina nufin irin rumbun bayanai, fayil ɗin .pst na manhajar imel ta Outlook, kundin manhajar hotuna ta Lightroom, foldar .git ta masu rubuta manhaja, faifan kwamfutar da ake gudanarwa cikin kwamfuta. Waɗannan ba kamar wasiƙa bane da za ka rubuta ka rufe, manhajarsu tana ta rubutu a cikinsu kowane lokaci, kuma sau da yawa ba fayil ɗaya bane, tawaga ce da dole su yi daidai da juna. Ɗauki SQLite misali, wanda manhajoji barkatai ke amfani da shi a ƙarƙashi ba tare da ka sani ba, yana da babban fayil sannan yana da na gefe mai ƙarewa da -wal ko -journal inda yake ajiye bayanan aikin da bai kammala ba. Manhajar sinkin bata san su 'yan gida ɗaya bane, zata iya ɗora babban yanzu ta ɗora na gefen anjima, ko ta ɗauki babban ana tsakiyar rubutu a cikinsa, sai ɗaya kwamfutar ta sauke abun da bai taɓa kasancewa a haka ba a ko'ina. Masu SQLite da kansu sun rubuta cewa kwafar rumbun ana cikin rubutu, ko raba shi da fayil ɗinsa na gefe, yana daga cikin hanyoyin lalata shi. Kuma lalacewar ba lallai ta nuna ranar ba, zai buɗe lafiya, sai wata rana ka nemi wani tsohon bayani ya ce fayil ya lalace, a lokacin kuma lalataccen ya riga ya zagaya duk kwamfutocin. Ni dai duk irin waɗannan na fitar da su daga foldar sinkin, in zan kai su wata mashin sai na rufe manhajarsu tukuna na fitar da kwafi na matse shi a zip na jefa. Masu .git kuma ai ga hanyarsu nan ta turawa da jawowa, ita aka gina don wannan aikin.

Yawan fayiloli shi ma yana gajiyar da ita fiye da girmansu. Bidiyo ɗaya babba bai dame ta ba, amma ƙananan fayiloli dubbai irin na foldar node_modules ta masu rubuta manhaja sai ka ji fankar laftof ta tashi, batir na zuba, ita kuma tana ta ƙirga. Microsoft da Dropbox duk sun faɗa a bayanansu cewa in an haura fayiloli wajen 300,000 aiki yana fara nauyi, ba ɓoyayyen abu bane, sai dai mai ɗaukar hoto ko mai rubuta manhaja yana iya kaiwa nan ba tare da ya lura ba.

Akwai kuma tsarin nan na barin fayiloli a kilawud kawai, wanda Microsoft ya shigo da nasa cikin Windows 10 a 2017, yanzu kusan kowa yana da irinsa. Za ka ga sunan fayil a folda da girmansa da komai, amma ainihinsa baya kwamfutar, sai ka danna zai sauko. Ga mai ƙaramin faifai wannan rahama ce, ina amfani da shi kuma ina yabawa. Matsalar ita ce ido baya bambancewa da sauri, 'yar alamar gajimare ce kawai a gefe, sai ka shiga jirgi ko inda babu layi ka danna takardar da kake gani ƙuru-ƙuru ta ƙi buɗewa. Wasu ma da kansu suke kwashe fayilolin da ka daɗe baka taɓa ba in wuri ya fara cika, kamar yadda iCloud ke yi in ka kunna tanadin wuri a Mac. Abun da ya fi wannan muni shine wanda yake ganin yana da bakof, wato kwafin ajiya don ranar asara, saboda yana kwafar foldar zuwa faifan waje, alhali wata manhajar bakof ɗin tsallake waɗanda ba su sauko ba take yi, ko kuma ta tilasta a sauke komai lokaci ɗaya faifan ya cika. Duk foldar da ka san zaka buƙata, danna mata dama ka zaɓi a riƙe ta a na'urar kullum, kuma ka jira ta gama sauka kafin ka tashi. Masu Mac sun ƙara shan wata wahalar a 2022, lokacin da Apple ya daina goyon bayan tsohuwar hanyar da waɗannan manhajoji ke shiga cikin tsarin daga macOS 12.3, aka koma sabuwar hanyarsa, foldar sinkin ta koma can cikin Library/CloudStorage, waɗanda suka saba ajiye tasu a faifan waje da waɗanda manhajojinsu suka haddace tsohuwar hanya suka sha gyare-gyare.

Yanzu maganar da nake so ko ba ka riƙe komai ba ka riƙe ta, sinkin ba bakof bane. Madubi ne, abun da ka yi a gabansa shi zai nuna, ka gyara ya gyara, ka goge ya goge a ko'ina cikin daƙiƙoƙi, kuma bai san bambancin gogewar ganganci da ta kuskure ba. Wani a foldar haɗin gwiwa ya ga kwamfutarsa ta cika ya share foldar da yake ganin tasa ce, ta ɓace wa kowa. Ƙwayar cutar nan mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa ta shiga mashin ɗaya, manhajar sinkin zata ga fayiloli sun canza ta ɗora kullallun da aminci ta raba wa sauran. Eh akwai kwandon shara da tarihin tsofaffin kwafi, kuma sun ceci mutane da yawa, ni ma na sha dawo da abu ta nan kuma yana aiki da kyau a tawa, amma suna da wa'adi. Google Drive tun 2020 yake share abun da ya kwana 30 a kwandon, Dropbox kwana 30 ne a ƙananan tsare-tsare, 180 a wasu manya, OneDrive kwana 30 ga akawun na mutum, 93 ga na aiki ko makaranta. Fayil ɗin da kake buɗewa kullum zaka lura da ɓatansa a cikin wa'adin, amma hotunan shekarun baya ko takardun da sai shekara-shekara ake nema fa? Ranar da zaka neme su wa'adi ya daɗe da wucewa. Kuma ba kullum daga mai amfani matsalar take ba, a Nuwamban 2023 masu amfani da Google Drive na kwamfuta da dama sun kai ƙorafin cewa fayilolinsu na watanni sun ɓace, wasu suka ce Drive ɗinsu ya koma yadda yake a watan Mayu, Google ya amsa cewa akwai matsala a sigar 84 ta manhajar ya fitar da hanyar dawo da su. In babban kamfani irin wannan zai iya samun haka, babu wanda zan ba amanar kwafi ɗaya tilo. Tsohuwar ƙa'idar nan ta 3-2-1 har yanzu ita ce, kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya a wani wuri daban, kuma a lissafina duk kwamfutocin da ke sinkin da juna tare da kilawud ɗinsu kwafi ɗaya ne, tunda tare suke mutuwa.

Ɓangaren taimakon abokan hulɗa na tawa kuwa a nan ta fi faɗuwa. Suna amsawa, da ladabi kuma, amma duk abun da ka kawo amsar kusan ɗaya ce, ka fita daga akawun ka sake shiga, ka cire manhajar ka sake sakawa. Wanda yake da fayiloli kaɗan ba komai, amma mai tarin kaya sake haɗawa yana nufin ta sake bin kowane fayil ɗaya bayan ɗaya tana kwatantawa da sabar, wuni guda mashin na nishi, kuma a irin wannan lokacin ne kwafi biyu-biyu suka fi haihuwa in akwai gyaran da bai hau ba. Ba su taɓa ce min in fara kwafe foldar gefe kafin in yi ba, wanda shi ne abu na farko da ya kamata su faɗa. Na tambayi inda zan ga bayanin abun da ya hana wani fayil hawa, aka ce in tura musu rahoton manhajar su duba, wato ni mai kayan ba ni da hanyar karantawa da kaina.

Linux kuma a taƙaice maraya ne a wannan harkar. Google Drive tun fitowarsa bai yi manhajar Linux ta hukuma ba, OneDrive ma haka, Dropbox yana da ita, duk da a 2018 ya taƙaita ta ga tsarin faifai ɗaya mai suna ext4 kafin ya dawo da wasu tsarukan a 2019. Ni da wata manhaja mai suna rclone nake haɗa tawa tsohuwar mashin, yana aiki tsaf amma ka karanta kafin ka danna, umarninsa na sync hanya ɗaya yake bi kuma yana goge duk abun da ke can wanda babu shi a nan, ka fara gwadawa da --dry-run ka ga abun da zai yi. Wanda baya son sabar kowa a tsakani akwai Syncthing, kyauta ne kuma kwamfutoci kai tsaye suke magana da juna, sai dai dole biyun su kasance a kunne lokaci ɗaya, kuma shi ma yana haifar da nasa kwafin rikicin, bai tsira ba.

Yadda nake zaune da ita yanzu, in aiki mai muhimmanci ne bana kallon kore, shafin intanet nake buɗewa ko manhajar waya in ga lokacin da fayil ɗin ya canza a can, in ya yi daidai da agogona sannan in rufe murfi. Lokaci-lokaci ina bincika foldar da kalmar conflict da sunayen kwamfutocina in ga ko an haifi wani kwafin ban sani ba. Bakof yana kan faifan waje da wata manhaja daban mai ajiye tsofaffin kwafi, kuma ina cire faifan in ta gama. Da wannan tsarin tana min aiki lafiya, shi ya sa na ce zan sabunta biyan, tauraro uku cikin biyar nake bata. Biyun da na riƙe ba na sauri bane ko na yawan wuri, abu biyu na rubuta musu ina nema, na farko in sinkin ya tsaya fiye da awa ɗaya kowane irin dalili ne a fito min da saƙo babba a allo wanda ba zai tafi ba sai na danna, a kuma cire koren daga jikin fayiloli har sai ta dawo, na biyu a ba ni shafi ɗaya da zai jera kwamfutocina da lokacin da kowacce ta gama sinkin na ƙarshe da sunayen fayilolin da suka maƙale da dalilin kowanne. Bayanan nan duk suna hannunsu, sabar ta san yaushe rabon kowace mashin da ta yi mata magana, nuna min kawai nake so su yi.